Na Kai Sahiya Madawa, Ko Allura Ba a Yi Mata Ba

Tun da munka dawo daga Madawa ba ni da sakat. In na je rijiya a tare ni, in na je suna a ja ni gefe, har wurin gaisuwar mutuwa wata ta matso tana raɗa mini, "Tsahara, wai gaskiya ne busa kara kawai anka sa yarinyar?" Wasu tausayi ke sa su tambaya, wasu kuwa na san su sarai, abin kai wa gaba suke nema. To ku matso in faɗa sau ɗaya. Wadda ba ta nan a ba ta labari, amma kar a ƙara gishiri, na san yadda na dafa abina.

Sahiya jikata ce, ɗiyar ɗana Illiya da ke bida, neman kuɗi, a Abijan. Ɗiyar fari ce, uwarta ko sunanta ba ta kamawa, balle ta zauna ta tambaye ta inda ke mata ciwo, don haka tun yaye tana ɗakina. Yarinya mai kai, mushensu, wato malaminsu na lakkol, makarantar boko, da bakinsa ya ce a ajin babu mai kama ta a lissafi. Bara da ta shiga shekara takwas sai abu ya ɓullo. Fitsarin kwance ya dawo bayan ta daɗe da bari, sa'an nan na rana, sa'an nan wanda ya fi muni, a riƙa ganin ƙazanta a zanenta ita ba ta ma san ta fito ba. Yara sunka sa mata suna, ba zan maimaita shi ba. Kafin hutu ta daina zuwa lakkol, ta daina wasa, ta koma bayan rumbu tana tonon ƙasa da tsinke. Ubanta ya bugo waya ya ce in an koma lakkol ba ta warke ba a bar ta gida, ya gaji da jin abin kunya daga nesa. Wannan magana ita ta tayar da ni tsaye.

Ba abin da ba mu yi ba. Rubutu ta sha, hayaƙi an yi, saiwa an jiƙa, daga la'asar na hana ta ruwa da hura. Wata ta ce a ɗaura mata kwaɗo a ƙugu yara su bi ta da waƙa, na ce duk wadda ta kawo kwaɗo gidana ita za ta ci shi ɗanye. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga hannu anka sa mata, don akwai wadda ɗiyarta ke aji ɗaya da Sahiya kullum tana can ƙarshe, ban dai kama suna ba. Daga baya majo, babban ma'aikacin likitar Allakaye, wato asibitinmu, ya latsa cikinta, ya ɓata fuska, ya ce mu tahi Madawa, akwai wata kine can, irin masu gyaran jiki da motsa gaɓoɓi, tana duba yara masu wannan lalura. Na ce, "Majo, ƙafarta lahiya lau, ba ta karye ba." Ya ce, "Inna, ki dai tahi." Na fito ina cewa a raina ƴar'uwarsa ce yake nemar wa kasuwa.

Damina na kan ƙarewa, hatsi ya fid da kai, munka bi motar ƴan kasuwa zuwa Buza. A tashar Buza ɗan kamasho ya ƙwace ƙunshina yana ihu, "Madawa, saura mutum biyu! Inna shigo mu tashi!" Na leƙa na ga mota ta cika, na shiga. Muna zaune har rana ta yi tsaka. Duk sanda fasinja ya shigo sai in ga ɗaya daga cikin waɗanda na tarar ya sauka yana miƙa, ya koma gindin bedi ya ci gaba da shan shayinsa. Ashe zaman cika ido suke yi. Na ce wa Sahiya, "Kin gani ko? Tun ba mu bar ƙasarmu ba an fara."

Hanya kuwa ba a magana, laterit ce, jar ƙasa ba kwalta, duk ruwa ya cinye ta, mota na ta jijjiga mu. Kusa da ni wani bawan Allah ne da akuyarsa ɗaure ƙarƙashin kujera, gabanmu wani mai shadda yana ta ƙamshin turare. Mun wuce wajen Karofane kaɗan na ji Sahiya ta sandare, ta damƙe bakin zanena. Na gane. Ba a jima ba wari ya tashi. Mai shadda ya toshe hanci ya waigo, ya ce, "Subhanallahi, wai mi ke nan a motar ga?"

Na ce, "Akuyar ga ce, tun Buza take yi."

Mai akuya ya zaburo. "Wallahi Inna akuyata tun jiya ba ta ci komi ba!"

Na ce, "To ka tambaye ta, ni ba na jin akuyanci."

Mota ta kwashe da dariya, anka koma kan mai akuya da tsiya. Sahiya ta kifa kai a cinyata, hawayenta na jiƙa mini zane, ko motsi ba ta yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don warin ba. Allah ya taimake mu gulbi ya kawo ruwa, direba ya ce kowa ya sauka maza su tura. Na ja ta bayan wata kalgo na wanke ta da jan ruwan nan, na sauya mata zane. Akuya kuwa Allah ya yafe mini hakkinta.

Kusa da shiga Madawa akwai bariyar jandarma. Kowa ya miƙa kartinsa na shaida. Jandarman ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya ce mu sauko. "Tsohuwa, ɗiyar wa? Ina za ki da ita?" Wai ana kama tsofaffi da ɗiyan mutane za su kai su bara wata ƙasa. Ni! Na ce, "Ɗana, masu yin haka arewa suke nufa, ni kudu na sa gaba, ko ba ka san hanyar da kake tsaro ba?" Ya ce to mi ke damun ta. Ga maza tsaye sun kasa kunne, har mai shadda. Na ce ciwon mata. Ya ce ƴar wannan? Dole na ciro takardar majo daga ɗan tofi. Ya karanta, ya sake duban Sahiya, ya ninke ya miƙo mini, bai ce komi da ƙarfi ba sai "Allah ya ba da lahiya." Na tsaya ina jiran ya ce a ba shi na goro. Bai ce ba. Har yau ban san mi ya hana shi ba.

Madawa gari ne na albasa, tun daga bakin gari take maka sallama a hanci. Kabu-kabu ko'ina, kowa na sauri awa an ce gobe kiyama. Ruwan sha a leda ake sayar da shi, ka ji fa, ruwa! Da safe abincinsu burodi da wani farin abu mai santsi da suke shafawa, na ɗanɗana na tofar. Hurarsu kuwa in a gidana anka dama ta, wankin ƙwarya zan ce, in zuba wa tumaki. Na gode Allah da na taho da ƙuli-ƙuli da garin hatsina.

A likita akwai wata doguwar rumfa ta ƴan jinya, nan munka sauka. Wata budurwa ta ce in kawo wayata ta sa mini caji, na ce ta gode, wayata ba ta jin yunwa. Ƙunshina kuwa shi ne matashina. Abin da ya fi ɗaure mini kai masai ne jere a fili, kowane da ƙyaurensa, mata na ɗaukar buta da rana tsaka, su ratsa gaban maza, har a gaisa. "Ina gajiya?" "Babu gajiya," ga buta a hannu! Na ce in da ranka ka sha kallo.

Wadda ta matsa mana muka shimfiɗa tabarma wata Bafillata ce, Kumbo, daga rugagen wajen Tama. Tana tare da ɗanta Buba, wanda anka haifa da ƙari a gindin baya, an yi masa aiki amma ƙafafun ba ƙarfi. Sun saba zuwa. Ta miƙo mana nono a ƙwarya, na ce ta fara kurɓa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kaɗo, in kashe ki zan yi ai ba zan ɓata nonona ba." Na sha, nono ne na gaske.

Da gari ya waye anka kai mu ɗakin kine ɗin. Na duba ko'ina, ba allura, ba kwalba, ba ko warin magani. Katifu a ƙasa, madubi, da wata ƙatuwar ƙwallo. Ita kanta yarinya ce, ba ta kai uwar Sahiya ba, ga wando, ana ce mata Madam Aisa. Ta gaishe ni da ladabi, ta zauna a ƙasa daɓas kusa da Sahiya. Na ga waya a hannunta, na ce, "Ɗiyata, ajiye wannan. Mun san yadda ake ɗaukar hoton ɗiyan talakawa a kai wa Nasara a karɓo porje, kuɗin tallafi." Ta sa wayar a aljihun tebur ta rufe. Ta ce, "Inna, ki zauna nan kusa da ita. Ba inda zan taɓa sai kina gani." Na ce a raina banza ba ta kai zomo kasuwa, wannan sauƙin kai da dalili.

Ta kwantar da Sahiya, ta latsa cikinta a hankali, sai ta kamo hannuna ta ɗora can ƙasa wajen hagu. Na ji wasu abubuwa ƙiri-ƙiri, masu tauri awa ƙwallon goriba. Na ce, "La'ilaha illallahu! Ga shi nan, ai na faɗa, jifa ce!"

Ta ce, "Inna, bayan gida ne. Ya taru ya bushe. Shi ya danne mafitsara har ba ta da wurin riƙe fitsari. Sabon da ke biyowa kuma mai ruwa ne, sai ya zagaya ta gefe ya fito. Hanjin ya buɗe ya gaji, ya daina gaya mata komi, shi ya sa ba ta ji. Yaushe take zagayawa?"

Nan na gyara zama, don wannan tambaya ina da amsarta. Na ce, "Ɗiyarmu mai tarbiyya ce. Da mata take fita, kafin gari ya waye da bayan magariba." Kun dai san yadda muke, yarinya in ta kai bakwai ta bar tsuguno bayan danga, ta bi sahun manya. Da damina kuwa gonaki har bakin gidaje, sai an kai can kwazazzabo.

Madam ta juya ga Sahiya ta tambaye ta. Yarinya ta sunkuyar da kai. Ni na ce, "Ba ta magana da baƙi." Sai Madam ta kawo kofi da ruwa da wani ɗan kara mai rami, ta busa ruwan ya yi ɓul-ɓul, ta miƙa mata ta ce su ga wa zai fi daɗewa. Na ce yau ga wasan yara, tun daga Allakaye don wannan! Sahiya ta busa, ruwa ya fantsamar mata a hanci, sai ta tuntsire da dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin azumi.

Bayan dariyar ne bakinta ya buɗe, murya ƙasa-ƙasa, tana juya karan a hannu. Ta ce, "Da asuba ba ya zuwa. Mata na cewa yi sauri gari zai waye, maza za su fito gona. Sai in tashi haka nan. Sai an shiga aji yake zuwa. Masan lakkol ba ƙyaure, maza na leƙe. Sai in matse, in na matse sai ya koma. Ran da ya zo kuma da zafi, awa ƙaya."

Madam ta ce, "Mi ya hana ki gaya wa kaka?"

Ta ce, "Kaka ta ce na girma."

Eh, na ce. Haka anka ce mini, haka anka ce wa uwata, duk cikinku nan ba wadda ba a ce wa haka ba. Raina ya tashi. Na ce, "To yanzu so kike ɗiyar mutunci ta ɗauki buta da rana tsaka ta ratsa gari?" Ta ce, "So nake ta tahi sanda cikinta ya kira ta, Inna. Yawanci bayan an karya kumallo yake kira. Kuma a daina hana ta ruwa, a ƙara mata ma." Ruwa! Yarinya na jiƙa tabarma a ce a ƙara mata ruwa. Na ce lalle an raina mini hankali. Na ja hannun Sahiya, na koma rumfa na ɗaure ƙunshina, na ce gobe gida.

Kumbo na zaune tana murza wa Buba ƙafafu da man shanu. Ta bari na gama faɗa tas, sa'an nan ta ce, "Ku Haɓe kun gina gari kun rasa inda za ku tsuguna. Mu a ruga cikin mutum ba shi da liman."

Na ce, "Ke mi kika sani, mai bin wutsiyar saniya?"

Ta daina dariya. Ta ce, "Na san wannan. Ɗana ko masai goma na haƙa masa ba zai taɓa jin fitsari ya zo ba, haka Allah ya yi shi. Madam dabarar zama da abin take koya mana, kuma muna godiya. Ke taki jikar rami guda da zana ke tsakaninta da lahiya, kina ta hura hanci. Ba ni ita in ba ki nawa mana."

Na dubi Buba yana jan jiki a tabarma yana yi wa Sahiya gwalo. Sai na kwance ƙunshin.

Kwanakin da sunka biyo baya aiki munka sha. Lokotoro, wato dakta, ya rubuta wani gari da ake damawa a ruwa, hankalina ya ɗan kwanta, ko ba komi ga magani. Abin da ya fita daga cikin yarinyar nan ba zan faɗa ba kuna cin goro, ni dai na riƙe baki ina tambayar ina ta ajiye shi. Madam ta koya mini murza ciki da man gyaɗa, daga ƙasan dama a hau sama, a ƙetare, a gangaro hagu, kar a juya. Na juya da gangan in ga ko tana lura, ta kama hannuna ta mayar. Ta sa Sahiya tsallen kwaɗo, ta sa ta kwanta da takalmi a kan cibiya ta ja numfashi har takalmin ya ɗaga. Ta koya mata tsuke naman ƙasan nan da sakinsa, awa mazagin wando, ta ce yarinyar ta iya tsukewa har ta manta saki. In ta ci abinci ta je ta tsuguna, ba nishi, ba sauri, busawa kawai awa tana hura wuta. Fitsari kuma kar ta jira ya matse ta, duk kiran salla ta je, da hantsi ma ta je. Zogale, kuɓewa, wake, ruwa.

Ran da za a sallame mu na ce, "Madam, ko guda ɗaya ba za a yi mata ba?" Ta ce ba allurar da ke koya wa hanji aikinsa. Ban yarda ba, na zagaya na tambayi mai gadi ko masu hali ana yi musu a ɓoye. Ya rantse ba a yi. Shi ma ai albashinsu yake ci. Kumbo ta raka mu bakin ƙofa, ta ce in na haƙa ramin in aiko mata ta zo buɗewa.

Da munka dawo na sa Sha'aibu ƙanen Illiya ya haƙa rami bayan ɗakina, yana haƙa yana ƙunƙuni wai kusa da rumbu. Na ce rumbuna ne. Na kewaye da zana. Wasunku sun yi dariya, na ji, katangar gidana ba ta da kauri. Na ɗauki wata zanar a kai na kai lakkol na ɗaure a bakin masan da hannuna, na sami mushe na ce in yarinyar ga ta miƙe kar ya tambaye ta ina za ta. Ya ce to, to, to. Mutum in ya jera maka to uku, ka bincika.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu wata safiya nakan shanya tabarma. Amma ta rana ta ɗauke, cikin ya yi laushi, tana cin tuwo awa mai noma. Illiya ya bugo ana gobe komawa lakkol ya ce, "Inna, ta warke?" Na ce, "Gobe tana aji. Sauran tambaya ka zo da ita da ƙafarka."

Da safe ta sha kunu, ta sa rigarta, ta kai bakin ƙofa ta toge. Ta ce, "Kaka, in sunka kira ni da sunan fa?" Na ce mu tahi, ina nan. Na cika buta na bi ta. Ta shiga aji, ni kuwa na zauna gindin aduwar da ke fuskantar ƙofa, don to ɗin mushe ban saye shi ba. Rana ta ɗaga, ina jin su suna maimaita karatu. Da hantsi ya yi sai na ga ta fito. Ita kaɗai, a gaban aji duka, ba gudu, ba sunkuyar da kai. Na kasa kunne in ji ko wani ɗan banza zai buɗe baki, na riga na zaɓi dutsen da zan jefa. Ba wanda ya ce uffan. Ta zo ta karɓi butar a hannuna, ta shiga bayan zana, ta ɗauki lokacinta, ta fito ta wanke hannu.

Na miƙa hannu in karɓi butar, ta ƙi ba ni. Ta waiga ta dubi tagar aji inda kawunan yara sunka jeru, ta matso ta ce a hankali, "Kaka, ki tahi gida. Kina ba ni kunya."

Na tashi na kakkaɓe zanena. Ban waiga ba har na wuce rijiya, don kar ta ga ina share ido.